Ƙanena ya ce baftismarmu ba ta karɓu ba: gardama kan Allah Ɗaya cikin Uku

Maman Rahila:
Ina kwananku 'yan zaure. Don Allah masu ilimi a cikinmu ku taimake ni da wata magana da ta hana gidanmu sakat tun Kirsimeti. Ƙanena da ke aiki a Fatakwal ya dawo hutu da sabuwar koyarwa. Wai baftismar da aka yi mana a ECWA ba ta karɓu ba, tunda da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi, sai an sake tsoma mu cikin sunan Yesu kaɗai. Ya ce Triniti, wato koyarwar Allah Ɗaya cikin Uku, ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, wani sarkin Rum ne ya ƙago shi ya ɗora wa ikilisiya. Mamanmu da ta yi shekara da shekaru tana jan zumuntar mata har kuka ta yi, tana cewa ashe duk rayuwarta a kan ɓata take? Gaskiya ne maganar sarkin nan?

Admin:
Kafin kowa ya sa baki: zauren nan na tsofaffin ɗalibai ne, akwai Kirista akwai Musulmi, layi ɗaya muka bi da kwanukanmu a makaranta. A kawo hujja. Ban da zagi, ban da "arne", ban da "ɗan wuta". Wanda ya karya zan fitar da shi ko ɗan ajinmu ne.

Bawan Yesu:
Yaya, ki yi haƙuri, ƙaninki ne ke da gaskiya. Buɗe Ayyukan Manzanni 2:38, ranar Fentikos, Bitrus ya ce a tuba a yi wa kowa baftisma cikin sunan Yesu Almasihu. Je ki 8:16, Samariyawa. Je ki 10:48, gidan Karniliyus. Je ki 19:5, almajiran Afisa. Ko sau ɗaya babu inda manzo ya tsoma mutum yana cewa Uba, Ɗa, Ruhu. Me ya sa? Sun gane Matiyu 28:19 ne. Yesu cewa ya yi "da sunan", bai ce "da sunaye" ba. Uba ba suna ba ne, Ɗa ba suna ba ne, muƙamai ne. Sunan shi ne YESU. Shi ne Uba wajen halitta, Ɗa wajen fansa, Ruhu a cikin ikilisiya yau. Filibus ya ce a nuna musu Uban, Yesu ya ce wanda ya gan ni ya ga Uban. Me kuma ake nema?

Uwar Biyu:
Ni dai ga yadda nake koya wa yara a makarantar Lahadi. Ruwa ne, in ka sa a firiji ya zama ƙanƙara, in ka ɗora a wuta ya zama tururi, amma duk ruwa ɗaya ne. Haka Allah yake. Yara suna ganewa nan take.

Ɗan Wusasa:
Uwar Biyu, ki gafarce ni, da wannan misalin kin koma layin Bawan Yesu ba ki sani ba. Ruwan naki sauya kama yake yi, yanzu ƙanƙara an jima tururi. Allah mai sauya kama, yau Uba gobe Ɗa jibi Ruhu, koyarwar wani Sabeliyus ce a birnin Rum, kuma an fitar da shi daga ikilisiya a kanta wajen shekarar 220, shekara ɗari kafin taron Nikiya da zan zo kansa yanzu.

Yanzu batun sarki. Sunansa Konstantin, kuma gaskiya ne shi ya kira taron bishop-bishop a Nikiya a 325, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya. Shi ya ɗauki nauyin tafiyarsu da masaukinsu. Amma rigimar ba shi ya haddasa ta ba. A Iskandariyya ta Masar ta tashi wajen 318, tsakanin wani limamin coci mai suna Ariyus da bishop ɗinsa Iskandar. Ariyus bai ce Yesu mutum ne kawai ba, ko kusa. Cewa ya yi Ɗan shi ne farkon abin da Allah ya halitta tun kafin sama da ƙasa, ta wurinsa aka yi sauran komai, amma akwai lokacin da babu shi. Iskandar ya ce a'a, Uba bai taɓa kasancewa ba tare da Ɗa ba. Duka ɓangarorin biyu Ubangiji suke kiran Yesu, gardamar ita ce: wannan Ubangijin namu halitta ne ko Mahalicci? Taron ya rubuta cewa haifaffe ne ba halitacce ba, zatinsa ɗaya da na Uba. Bishop biyu kacal, dukansu daga Libiya, suka ƙi sa hannu.

Abin da masu labarin "sarki ya ƙago" ba sa faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Konstantin ɗin nan ya dawo da Ariyus daga inda ya kore shi, ya juya ya kori Atanasiyus, babban mai kare matsayar Nikiya, zuwa Tiriya a Jamus ta yau a 335. Da zai mutu a 337, Yusibiyus na Nikomidiya, abokin Ariyus, shi ya yi masa baftisma. Ɗansa Konstantiyus kuwa a fili ya goyi bayan masu adawa da Nikiya. Sau biyar ana raba Atanasiyus da kujerarsa ta bishop ɗin Iskandariyya. Wane irin sarki ne zai ƙago koyarwa sannan shi da ɗansa su yi ta korar masu riƙe da ita?

Ga kuma abin da ya riga Nikiya. Tartuliyan na Kartaj, Tunisiya ta yau, ya yi amfani da kalmar Triniti wajen 213, a littafin da ya rubuta don rushe irin wannan koyarwa ta Bawan Yesu. Wajen 112 kuma Filini, gwamnan lardin Bitiniya, lardin da Nikiya take ciki, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa Kiristoci kan taru kafin gari ya waye a wata rana ta musamman suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga wani allah. Filini ba Kirista ba ne, shari'a yake yi musu yana kashe waɗanda suka ƙi tuba.

Uwar Biyu:
Tabɗi! To Malam me zan gaya wa yara ranar Lahadi mai zuwa?

Baba Rabaran:
Salama gare ku 'ya'yana. Jikata ce ke buga mini, ido ya yi rauni, ku yi haƙuri da jinkiri.

Maman Rahila, 'yata, ki ce wa mahaifiyarki ta kwantar da hankalinta. Kalmomin da aka faɗa a kanta cikin ruwa daga bakin Ubangiji suka fito. Akwai wani ɗan littafin koyarwa na ikilisiyar farko mai suna Didake, masana na sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Ya ce a yi baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki cikin ruwa mai gudu, in ruwa ya yi ƙaranci a zuba sau uku a ka. Koyarwar sake baftisma da sunan Yesu kaɗai kuwa an san mafarinta: taron farkawa na 'yan Fentikostal a Kalifoniya a 1913. A 1916 cocin Assemblies of God ta yanke hukunci a kai, fastoci sama da 150 suka fice.

Ɗana Bawan Yesu, ina jin ƙaunarka ga Ubangiji, ba na raina ta. Amma zo mu je Kogin Urdun. Yesu yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, murya daga sama tana cewa wannan Ɗana ne ƙaunatacce. Wa ke magana? A Getsamani ya ce ba nufina ba, naka za a yi. Nufin wa da na wa? A Yahaya 17:5 ya roƙi Uba ya ɗaukaka shi da ɗaukakar da yake da ita tare da shi tun duniya ba ta kasance ba. Mutum yana zama tare da kansa ne?

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi, haka ne. Abin da ke ciki shi ne Allah ɗaya ne. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Allah ne. Kuma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba. Duk wanda ya rabu da mu, ka duba da kyau, ɗaya daga cikin waɗannan ya saki don maganar ta yi masa sauƙi. Uwar Biyu, haka za ki koya wa yaran, ki ƙara musu da cewa Allah ba shi da misali a cikin abin da ya halitta.

Bawan Yesu:
Baba, da girmamawa. A Getsamani mutuntakarsa ce ke addu'a ga Allahntakar da ke cikinsa. Kolosiyawa 2:9 ta ce a cikinsa dukan cikar Allahntaka take zaune cikin jiki. DUKA, ba sulusi ba. Ishaya 9:6 kuma ta kira yaron da za a haifa Uba Madawwami. Didake ba Nassi ba ne, ni Ayyukan Manzanni nake bi.

Maman Rahila:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa Mama, ta ce a gaishe ka da jiki. Shi kuma gogan ya karɓi wayar ya karanta, ya ce wai Bawan Yesu ya turo masa lambarsa.

Mai Shela:
Ina ta karantawa ban ce uffan ba. Ni Mashaidin Jehobah ne, yawancinku kun sani, wasunku ma kun taɓa rufe mini ƙofa ranar Asabar, na yafe. A kan Urdun da Getsamani ina tare da Baba: Uba daban, Ɗa daban. Inda muka rabu shi ne daidaita su. Yahaya 14:28, Yesu da bakinsa, Uba ya fi ni girma. Yahaya 17:3, ya kira Uba makaɗaicin Allah na gaskiya, ya kira kansa wanda aka aiko. Markus 13:32, ranar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba. Kolosiyawa 1:15, ɗan fari ne gaban dukan halitta. 1 Korantiyawa 15:28, a ƙarshen komai Ɗan da kansa zai miƙa wuya ga wanda ya sa kome a ƙarƙashinsa. Wannan bayan tashi daga matattu ne, bayan hawa sama, ba za a ce mini yunwar jiki ce ke magana ba. Ruhu mai tsarki kuwa ikon Allah ne mai aiki, shi ya sa ake cika mutane da shi, ake zubo shi. Ana zubo mutum?

Ɗan Wusasa, ka tsayar da tarihin a inda ya yi maka daɗi. Ci gaba mana zuwa 380, lokacin da sarki Tiyodosiyus ya kafa doka cewa aƙidar Nikiya ce addinin daula, saura 'yan bidi'a ne. Ba takobi ne ya rufe gardamar ba? Kuma aya ɗaya tak da ta faɗi ƙarara cewa ukun nan ɗaya ne, 1 Yahaya 5:7 a tsohuwar fassarar King James, cusa ta aka yi.

Ɗan Wusasa:
Biyun nan ba zan musa maka ba. Ayar nan babu ta a tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci. Irasmus da ya fitar da bugaggen Sabon Alkawari na Helenanci a 1516 bai sa ta ba, aka yi masa ca, ya sa ta a bugu na uku a 1522, daga nan ta gangaro cikin King James a 1611. Yawancin fassarorin zamani sun cire ta ko sun mai da ita ƙasan shafi. Faston da har yau ke kafa hujja da ita kunya yake ba mu. Amma lura da wani abu: Atanasiyus da mutanensa sun shekara kusan hamsin suna fafatawa ba su jawo ta ba, don ba ta cikin Littafin da ke hannunsu. Ashe ba a kanta aka kafa koyarwar ba.

Dokar Tiyodosiyus ma gaskiya ce, shi ne kuma ya kira taron Kustantiniyya na 381 wanda ya faɗaɗa sashen Ruhu Mai Tsarki a cikin shaidar bangaskiya. Bari ma in ƙara maka da wanda ba ka faɗa ba. A 1553 an ƙone Mika'ilu Sarbetus da ransa a Jeniba saboda musun Triniti, da hannun Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, dumu-dumu a shari'ar. Abin kunya ne, ba na wanke kowa. Sai dai takobin ya sari kowane ɓangare. Ƙabilun Got da Bandal aƙidar Ariyus suka karɓa, kuma da Bandal suka ci Kartaj a 439 sun gasa wa masu bin Nikiya aya a hannu, suka ƙwace majami'u suka kori bishop-bishop. In takobi ne hujja, to a Afirka ta Arewa naku ne ya yi nasara har kusan shekara ɗari.

Mai Shela:
Mu ba mabiyan Ariyus ba ne, kuma ba ma ɗaukar takobi, ko aikin soja ba ma shiga. Kar ka ɗora mana Bandal.

Baba Rabaran:
Mai Shela, ɗana, Markus 13:32 aya ce mai nauyi. Duk faston da ya ce maka ba ta taɓa tsayar da shi ba, bai karanta ta a natse ba. Amsar ikilisiya, wadda aka rubuta a taron bishop-bishop na Kalsidon a 451, ita ce Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Filibiyawa 2 ta ce yana cikin surar Allah, ya wofintar da kansa ya ɗauki surar bawa. Wanda ya ji yunwa, ya yi barci cikin jirgi, ya yi ta ƙaruwa da hikima kamar yadda Luka ya faɗa, ba abin mamaki ba ne ya ce ban sani ba. Na san ba za ta gamsar da kai ba.

Amma kai ma ga naka kayan. Kuna koyar da cewa Yesu shi ne Mika'ilu shugaban mala'iku. Ibraniyawa 1 ta yi tambaya, wane mala'ika ne Allah ya taɓa ce wa kai Ɗana ne? Ta kuma ce dukan mala'ikun Allah su yi masa sujada. Yahaya 1:3 ta ce ba abin da ya kasance sai ta wurinsa. In shi ma yin sa aka yi, ta wurin wa? Batun Ruhu kuma, Bitrus ya ce wa Hananiya ka yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, a aya ta gaba ya ce ba mutum ka yi wa ƙarya ba, Allah ka yi wa. Bulus ya ce wa Afisawa kada su ɓata wa Ruhu rai. A Antakiya Ruhu ya ce ku keɓe mini Barnaba da Shawulu. Iko yana cewa "mini"?

Mai Shayi Taminus:
Ni fa lissafi na sani jama'a. 1+1+1=3. A teburina wanda ya sha kofi uku ba ya biyan kuɗin ɗaya 😂

Abu Fatima:
Assalamu alaikum. Admin na ga gargaɗi, zan kiyaye. Baba Rabaran, Allah ya ƙara lafiya, ban manta ranar da ka raba mu faɗa a filin ƙwallo ba. Mai Shayi ɗan'uwana ne a addini, amma a bar maganar lissafin nan. Kirista ba su ce alloli uku ba. Mu yi musu adalci, mu ƙi abin da suka faɗa, ba abin da muka sa musu a baki ba.

Matsayinmu a bayyane yake. Suratun Nisa'i aya ta 171 ta ce wa Ma'abota Littafi kada ku ce uku, ku hanu ya fi muku alheri, Allah abin bauta ne guda ɗaya. Ma'ida 73 ta maimaita da kakkausan lafazi. Ƙulhuwallahu kuwa ko ɗan makarantar allo ya haddace: bai haifa ba, ba a haife shi ba. Annabi Isa alaihis salam muna girmama shi. Haihuwarsa ba uba, mu'ujizozinsa, dawowarsa a ƙarshen zamani, duk mun yi imani da su.

Tambayata ɗaya ce, Baba. Annabi Nuhu, Annabi Ibrahim, Annabi Musa, tauhidi zalla suka koyar, Yahudawa har gobe a kansa suke. Da aka tambayi Isa babbar doka a Markus 12:29, maganar Musa ya maimaita, Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. In sanin Triniti sharaɗin tsira ne, me ya hana shi zaunar da almajirai ya faɗa musu a jimla ɗaya, a huta da taron shekara ɗari uku baya? Ga shi yau a zauren nan mutum uku, Littafi ɗaya a hannunsu, kowa ya fito da Yesunsa daban.

Katikis:
Malam, tunda kai ka kawo maganar adalci. Ma'ida 116 tana tambayar Isa ko shi ya ce a riƙe shi da uwarsa alloli biyu baicin Allah. Mu Katolika da ake cewa mun fi kowa girmama Maryamu ba mu taɓa sa ta cikin Triniti ba, haka 'yan Otodoks. Kuma in mun ce Ɗa ba ma nufin Allah ya yi aure ya haihu, wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinku.

Abu Fatima:
Na sani, Katikis. Ayar ba ta ce ga ma'anar Triniti ba, maganar riƙon abin bauta take yi. A wurinmu wanda ka roƙa abin da Allah kaɗai ke bayarwa ka riƙe shi abin bauta, ko ba ka kira shi da sunan ba. Wannan hukuncin har Musulmin da ke roƙon kabari muna yi masa. Haihuwa kuma ayar ba ta ware ta jiki ba, kowace iri ta kore.

Katikis:
Ba roƙonta muke yi ta ba mu ba, cewa muke ta yi mana addu'a.

Admin:
Batun Maryamu a buɗe masa nasa zaren. A koma kan hanya.

Baba Rabaran:
Abu Fatima, ɗana, tambayarka ta mai hankali ce. Ka tuna almajiran nan Yahudawa ne, safe da yamma suna karanta ayar nan ta Musa. Ba masu falsafa ba ne da suka zauna suka ce bari mu ƙirƙiro abu mai wuya. Wani suka gani yana gafarta zunubi da bakinsa, yana tsawata wa teku, ya mutu suka gan shi a raye, suka tsinci kansu suna kiran sunansa cikin addu'a, alhali ba su daina cewa Allah ɗaya ne ba. Dubi 1 Korantiyawa 8:6, wasiƙar da aka rubuta shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciye. Bulus ya ɗauki ayar Musa, mai kalmar Allah da kalmar Ubangiji, ya ce gare mu Allah ɗaya ne, Uba, da Ubangiji ɗaya, Yesu Almasihu. Sujadar ce ta riga, bayanin ya biyo baya sa'ad da masu tambaya irinka suka matsa. Ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye bai san kalmar Nikiya ko ɗaya ba, ya kuwa sami Firdausi.

Ɗalibin Azhar:
Ku ba ni dama in sa baki daga Alƙahira. A unguwar da nake haya akwai Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da yawa, mai kantin da nake sayen burodi ma ɗaya ne daga cikinsu, da ɗan ƙaramin gicciye da aka zana masa a wuyan hannun dama tun yana yaro. In za su fara addu'a da Larabci sukan ce da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, nan take su ƙara da "Allah ɗaya, amin". Sun fi shekara dubu suna zaune da Musulmi, sun san tambayar da ke zuwa. Su ma fa ba su karɓi Kalsidon ɗin da Baba ya ambata ba, su da cocin Habasha da na Armeniya, amma a kan Triniti bakinsu ɗaya da sauran.

Gardamar nan tamu an yi ta a fadar Bagadaza wajen 781, kwana biyu, tsakanin Halifa Mahdi da Timoti na Ɗaya, shugaban Cocin Gabas. Hujjar Timoti ita ce Allah bai taɓa kasancewa ba tare da Kalmarsa da Ruhunsa ba, ga shi kuma ayar nan ta Nisa'i da Abu Fatima ya kawo ta kira Isa kalmarsa da ruhi daga gare shi. Malamanmu suka amsa cewa an kira shi kalma ne don da kalmar "kasance" aka halicce shi ba tare da uba ba, kamar yadda Ali Imrana 59 ta kwatanta shi da Adamu.

Abin da ya kamata mu Musulmi mu sani shi ne mu ma mun sha tamu wahalar a kusa da wannan wuri. Maganar Allah halitta ce ko ba halitta ba? A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne, Imam Ahmad ɗan Hambali ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim. Ahlus Sunna suka tsaya a kan cewa maganar Allah siffarsa ce ta tun azal. To amma ga inda gizo ke saƙar. A wurinmu siffa siffa ce. Ba ta cewa "ni" da "kai", ba ta addu'a, ba a bauta mata ita kaɗai, ba ta shiga mahaifar mace. Kirista sun ce Kalmar ta yi duk wannan. A nan muka rabu, ba a kan lissafin Mai Shayi ba.

Mai Shayi Taminus:
To Ustaz, na janye. Amma bashin shayin da ka bari kafin ka tafi Masar yana nan.

Baba Rabaran:
Ɗalibin Azhar, Allah ya yi maka albarka, ka sa yatsa a daidai wurin. Yahaya 1:14, Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Wanda ya karɓi wannan Kirista ne, wanda ya ƙi yana da nasa addinin, ba sai mun yi wa juna ƙarya cewa abu ɗaya muke faɗa ba.

Bari in bar wa 'ya'yana biyu, Bawan Yesu da Mai Shela, aikin gida ɗaya. Ayyukan Manzanni 7:55 zuwa 59, littafin da Bawan Yesu ya ce shi yake bi. Istifanas, cike da Ruhu Mai Tsarki, ya ɗaga ido ya ga ɗaukakar Allah, da Yesu tsaye dama ga Allah. Bawan Yesu, dama ga wa? Ana cikin jifansa ya ce ya Ubangiji Yesu, karɓi ruhuna. Mai Shela, Bayahude mai bakin mutuwa yana miƙa ransa ga mala'ika?

Bawan Yesu:
Allah Ruhu ne Baba, ba shi da dama da hagu. Hannun dama iko ne. Mutum ɗaya Istifanas ya gani, sunan mutum ɗaya ya kira.

Mai Shela:
A'a Bawan Yesu, biyu ayar ta ambata, kar ka haɗe su. Baba, Istifanas wahayi ya gani, ya yi magana da wanda yake gani a gabansa. Manzo Yahaya ma ya yi magana da mala'ika a Wahayi, ba a ce addu'a ya yi masa ba.

Baba Rabaran:
Ya yi magana da shi, haka ne. Da ya fāɗi zai yi masa sujada fa? Sau biyu, a Wahayi 19:10 da 22:9, mala'ikan ya ce kul, ni abokin bautarka ne, Allah za ka yi wa sujada. Toma kuwa ya dubi Yesu ya ce Ubangijina da Allahna. Nuna mini inda Yesu ya ce masa kul.

Mai Shela:
Babi ɗaya ne, Baba, Yahaya 20. Toma yana aya ta 28. Koma baya aya ta 17, Yesun da ya riga ya tashi yana gaya wa Maryamu Magadaliya zan hau wurin Ubana da Ubanku, Allahna da Allahnku. Allah Maɗaukaki yana da wanda yake kira Allahna? Jikarka ta karanta maka ita, ina nan ina jira.